Yadda Mai Bi Zai Jimre Wahalar Rayuwa Saboda Ƙaunar Allah

A babi na farko na littafin Ayuba, Shaiɗan ya jefa wata tambaya a gaban Allah wadda har yau take jiran amsa daga bakin kowane mai bi da ya shiga ƙunci. Ya ce, ashe a banza Ayuba yake tsoron Allah? Nufinsa shi ne, mutumin da yake da tumaki 7,000 da raƙuma 3,000 da 'ya'ya goma, ba abin mamaki ba ne idan ya yi ibada, tunda ibadar tana kawo masa riba. A ɗauke ribar, in ji shi, sannan a ga abin da zai saura. Aka ɗauke ta kuwa a yini guda: mahara suka kore shanu da raƙuma, wuta ta cinye tumaki, gida ya rufta a kan 'ya'yan.

Jimrewa kaɗai ba ta bambanta Kirista da kowa ba. Manomin da fari ya ƙone masa gero yana haƙuri domin ba shi da iko da sama. Matar da ta rasa miji tana haɗiye hawaye a gaban masu ta'aziyya domin gudun a ce ba ta da dauriya. Wani kuma yana jimrewa yana lissafi, kamar mai zubin adashe da yake jiran ranar kwasa, idan ranar ta wuce bai ga komai ba sai ya fara ganin an cuce shi. Abin da ake nema a wurin mai bi ya wuce waɗannan duka: ya riƙe Allah domin Allah ne yake so, ko an ɗauke wahalar ko an bar masa ita. Ba a haifar kowa da wannan hali, koyonsa ake yi, kuma hanyar koyon tana da matakan da za a iya bayyanawa.

Ka fara tantance irin wahalar da kake ciki

Ba kowace wahala ce gicciye ba. Manzo Bitrus ya rarrabe su a wasiƙarsa ta farko (2:20 da 4:15), inda ya nuna cewa wanda ya sha duka saboda laifinsa ba shi da abin yabo, kuma bai kamata mai bi ya sha wuya a matsayin ɓarawo ko mai shisshigi a harkar mutane ba. Ma'aikacin da aka sallama domin ya taɓa kuɗin ofis, ko magidancin da bashi ya yi wa katutu saboda caca, kada ya ce yana shan wuya domin Almasihu. Abin da ke gabansa tuba ne da mayar da hakkin mutane, kuma zai iya ɗaukar sakamakon laifinsa da tawali'u ba tare da ya sauya masa suna ba.

Akwai kuma wahalar da za a iya kawar da ita ta hanyar halal, kuma barinta a wurin ba ibada ba ne. Bulus, wanda ya sha bulala 39 har sau biyar, bai taɓa neman bulala ba. A Dimashƙu ya yarda aka zura shi a kwando ta kan ganuwa ya tsere, a Urushalima da aka miƙe shi za a yi masa bulala ya tambayi jarumin soja ko doka ta yarda a doki ɗan ƙasar Roma ba tare da shari'a ba, daga baya kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Yesu da kansa ya ce wa almajiransa idan an tsananta musu a wannan gari su gudu zuwa wani (Matiyu 10:23). A ƙarni na biyu, Folikaf, dattijon bishop na Simirna, garin da ake kira Izmir a Turkiyya ta yau, ya fita ya ɓuya a wata gona kafin a kama shi a kashe. A cikin labarin mutuwarsa da ikilisiyar garin ta rubuta, an ambaci wani mutum da ya kai kansa ga hukuma da zafin kai, amma da ya ga namomin jeji sai ya tsorata ya musanta bangaskiya, kuma marubutan sun ce ba su yaba wa masu miƙa kansu haka ba.

Ma'anar wannan a aikace a bayyane take. Mai hawan jini ya sha maganinsa kullum, mai tarin fuka ya cika watanni shida na magani ko da ya ji sauƙi tun a wata na biyu, mutanen ƙauyen da aka yi wa barazana su kwashe yara da tsofaffi su kai su inda za su tsira. A nan ya zama dole a faɗi wata magana da ake yawan kauce mata a majami'u: matar da mijinta yake duka har yana ji mata rauni, bai dace fasto ko dattijo ya ce mata ta koma ta ci gaba da ɗaukar gicciyenta ba. Zunubin mijin ne, aikin ikilisiya kuwa shi ne ta tsawata masa ta kuma kare ranta, har da kai maganar gaban hukuma idan ta kama.

Bayan an cire waɗannan biyu, sai a ga abin da ya rage: cutar da likita ya ce sai dai lallaɓawa, mutuwar ɗa, rashin haihuwa na shekaru, dangin da suka juya wa mutum baya saboda ya bi Almasihu, ko matsayin da ba zai samu ba sai ya yi ƙarya. Wannan shi ne nauyin da ake ɗauka saboda ƙauna. Kada kuma ka ɗauka cewa lallai horo ne a kan wani ɓoyayyen laifi, domin da almajirai suka tambayi Yesu wa ya yi zunubi har aka haifi wani mutum makaho, ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba (Yahaya 9:3).

Ka yi roƙo biyu a cikin addu'a ɗaya

Mataki na gaba shi ne ka faɗa wa Allah gaskiyar abin da kake ji. Al'adarmu tana girmama mai shanye ciwo, har idan an gaishe da mara lafiya amsarsa ita ce "da sauƙi" ko da yana gab da suma. Wannan ladabi ne mai kyau tsakanin mutane, amma idan aka kai shi cikin addu'a yakan zama ɓoye wa Allah zuciya. Zabura 13 ta tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu a jere. Zabura 88 ta ƙare a cikin duhu ba tare da kalmar ta'aziyya ko ɗaya ba, kuma an bar ta a cikin Littafi Mai Tsarki haka nan. Ayuba ya la'anci ranar haihuwarsa, ya yi gardama da Allah babi bayan babi, duk da haka a ƙarshe Allah ya ce shi ne ya faɗi daidai game da shi, abokansa uku masu tsararriyar magana kuma suka sha tsawa (Ayuba 42:7). Bambancin kuka da saɓo yana ga inda aka nufa da shi: mai kuka yana kai ƙara wurin Allah, mai saɓo ya riga ya juya masa baya. Saboda haka ka ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan zabura ka karanta da murya, sannan ka ambaci damuwarka da sunanta, ko sakamakon gwajin asibiti ne, ko kuɗin makarantar yara, ko fushin da kake ji game da wanda ya cuce ka.

Amma addu'ar ba ta tsaya a kuka ba. A gonar Getsamani Yesu ya roƙi Uba ya ɗauke masa ƙoƙon wahala in mai yiwuwa ne, sannan ya ƙara da cewa ba nufinsa ba sai nufin Uba, kuma ya maimaita wannan har sau uku. Roƙo biyu ne, kuma jerinsu yana da muhimmanci. Wasu masu bi suna tsallake na farko, su ce tunda haka Allah ya ƙaddara babu amfanin roƙo, wanda sau da yawa fid da rai ne ya sa rigar bangaskiya. Wasu kuma suna tsallake na biyu, suna ba Allah umarni da ƙayyade masa rana, kuma su ne suka fi saurin faɗuwa idan ranar ta wuce. Wanda yake ƙauna yana roƙo da dukan zuciyarsa domin ya san Uba yake roƙo, yana kuma barin hukunci a hannunsa saboda wannan dalili ɗaya. Haka Shadrak da Meshak da Abednego suka amsa wa Nebukadnezzar, sarkin Babila, a bakin tanderu: Allahnsu yana da ikon cetonsu, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba (Daniyel 3:17-18).

Ba sai an koma Babila ba kafin a ga wannan. A farkon watan Janairu na 2020, 'yan Boko Haram suka kama Rabaran Lawan Andimi, faston Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya kuma shugaban ƙungiyar Kiristocin Nijeriya (CAN) a ƙaramar hukumar Michika ta jihar Adamawa. A cikin bidiyon da suka fitar bayan 'yan kwanaki, ya roƙi abokan aikinsa da hukuma su yi ƙoƙarin ganin an sake shi, ya nuna begen sake haɗuwa da matarsa da 'ya'yansa, sannan ya ce idan hakan bai samu ba to nufin Allah ne, ya kuma roƙi mutanensa kada su yi kuka, su gode wa Allah. An kashe shi a ranar 20 ga watan. Abin lura shi ne bai yi kamar ba ya son rai ba, ya nemi a cece shi a fili, amma bai mai da ceton sharaɗin amincinsa ba. Mutum ba ya koyon irin wannan magana a ranar da aka kama shi, sai dai idan ya saba faɗinta a kan ƙananan abubuwa shekara da shekaru.

Saboda haka ka fara da ƙananan. Da safe, kafin ka taɓa waya ko ka shiga hidimar gida, ka ambaci abu mai wuya da ka san yana jiranka a yinin, ka roƙi a sauƙaƙa shi, sannan ka ce wa Ubangiji idan ya bar shi za ka ɗauka saboda shi. 'Yan Katolika suna da al'adar miƙa wa Allah yini tun da safe, da kuma bin Hanyar Gicciye mai zango 14 a ranakun Juma'a na azumin kwana arba'in, kuma ko wanda ba ɗan ɗarikarsu ba zai amfana da karanta labarin wahalar Yesu a hankali daga ɗaya daga cikin Bisharu huɗu. Dalilin shi ne ƙaunar da ake jimrewa da ita ba daga cikinmu take tsirowa ba. Muna ƙauna ne domin shi ya fara ƙaunarmu (1 Yahaya 4:19), kuma wanda ya daina duban gicciyen Almasihu ya koma duban nasa kaɗai, ba da jimawa ba zai fara tausayin kansa. A kiyaye kuma: wahalarka ba ta sayen ceto, ba ta kuma ƙara komai a kan abin da aka riga aka biya a Golgota.

Nauyin yau kaɗai

Yawancin abin da yake karya mutum ba ciwon yau ba ne, tunanin shekaru goma masu zuwa ne da ya tara ya ɗora a kan daren yau. Yesu ya ce wahalar kowace rana ta ishe ta (Matiyu 6:34), kuma manna, abincin da Allah yake saukar wa Isra'ilawa kowace safiya a jeji, da suka ɓoye ta domin gobe tsutsa ta yi. Mai jinyar mahaifiyar da jikinta ya shanye ya tambayi kansa ko zai iya yi mata wanka ya ba ta abinci yau, ya bar tambayar shekara nawa za a yi haka. Kada kuma a raina jiki. Da annabi Iliya ya gudu jeji ya roƙi mutuwa, abin da mala'ika ya fara kawo masa shi ne abinci da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sake ciyar da shi, sai bayan tafiyar kwana arba'in Allah ya yi masa magana a Horeb (1 Sarakuna 19). Wanda ya kwana uku bai runtsa ba, ya nemi barci kafin ya yanke hukunci a kan bangaskiyarsa.

Akwai kuma gwaji mai sauƙi da zai nuna maka ko saboda ƙauna kake jimrewa: ka dubi yadda kake da mutanen gidanka. Mutumin da yake cewa ya miƙa wa Allah komai, alhali matarsa da 'ya'yansa suna tafiya da sanɗa domin tsoron fushinsa, ya sauke nauyinsa ne a kansu. Yesu yana rataye a kan gicciye ya tuna da mahaifiyarsa ya damƙa ta ga almajirin da yake ƙauna (Yahaya 19:26-27). Ka zaɓi mutum ɗaya da za ka yi wa hidima a cikin halin da kake ciki, ko da gaisuwa ce ta waya ga wani mara lafiya.

Masu sayar da mafita, da masu taya ɗauka

Wahala mai tsawo tana jawo 'yan kasuwa. Za ka ji wanda zai ce an yi maka asiri daga dangi, wanda zai sayar maka da mai ko ruwa ko ƙyalle, da wanda zai ce ka "shuka iri" na kuɗi kafin Allah ya ji ka, kuma idan ba ka warke ba zai ce bangaskiyarka ce ta gaza. A ganina wannan ya fi zuwa wurin boka haɗari, domin mai zuwa wurin boka ya san ya bar hanya, wannan kuwa yana zaton yana kanta. Koyarwar tana mayar da mai bi daidai inda Shaiɗan ya zargi Ayuba, wato bauta domin riba. Bulus ya roƙi a cire masa ƙayar da ke jikinsa sau uku, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi (2 Korantiyawa 12:8-9). Ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya, Timoti kuma yana fama da ciwon ciki a kai a kai, ba a kuma ce ɗayansu ya rasa bangaskiya ba. Ka roƙi warkarwa, ka yarda a yi maka addu'a, amma duk inda aka sa wa addu'a farashi ka tashi ka fita.

Guje wa waɗannan ba yana nufin ka kulle kanka a ɗaki ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ko Yesu sai da aka sa Saminu Bakurane ya ɗaukar masa gicciye a hanya. Ka nemi mutum ɗaya ko biyu masu riƙon asiri ka gaya musu ainihin halin da kake ciki, ka kuma karɓi taimako idan an kawo, domin ƙin karɓa sau da yawa girman kai ne. A ikilisiyoyin arewa, Zumuntar Mata ta daɗe da gane wannan fiye da kowa: su ne suke zuwa gidan makoki da tukunya da itace, su zauna, su yi waƙa, su share tsakar gida. Idan kai ne mai ziyara, ka koyi abu ɗaya da abokan Ayuba suka yi daidai, wato zaman kwana bakwai tare da shi ba tare da sun ce uffan ba. Ɓarnar ta fara ne da suka buɗe baki suna bayyana masa dalilin wahalarsa.

Idan mutum ne ya jawo maka wahalar, nauyin ya ninku, domin bayan rashi akwai ƙishin ramuwa. A ƙarshen Oktoba na 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka yi hijira zuwa Jos, kuma da yawa daga cikin 'yan matan Chibok da aka sace a watan Afrilun wannan shekara 'ya'yan wannan ikilisiya ne. Ikilisiya ce da ta gaji koyarwar ƙin ɗaukar makami, kuma a cikin wannan hali ta ci gaba da wa'azin gafara tana shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya ga waɗanda suka tsira. Gafara ba ta hana ka kai ƙara ko ba da shaida a kotu, ba ta kuma tilasta maka sake amincewa da wanda bai tuba ba. Abin da take nufi shi ne ka bar ramuwa a hannun Allah (Romawa 12:19), ka ƙi ɗora laifin mutum ɗaya a kan ƙabilarsa ko addininsa gaba ɗaya, musamman da yake maƙwabta Musulmi da yawa sun binne nasu matattun a hannun mahara guda. Ka sa ran za ka gafarta abu ɗaya sau da yawa, domin fushin yakan dawo duk lokacin da ranar abin ta zagayo. Idan ba za ka iya yi wa mutumin addu'ar alheri ba tukuna, ka gaya wa Allah cewa ba ka iya ba, ka roƙi ya ba ka iko.

Idan zuciya ta bushe

Lokaci yana zuwa da mai wahala zai yi addu'a ya ji kamar da bango yake magana, waƙoƙin da suke sa shi hawaye a dā su zama surutu kawai. Mutane da yawa a nan suke yanke cewa ƙaunarsu ta mutu. Wasiƙun Uwa Teresa ta Kalkata, waɗanda aka wallafa a 2007, shekara goma bayan rasuwarta, sun nuna cewa ta yi shekaru masu yawa ba ta jin kusancin Allah ko kaɗan, alhali kullum tana tashi ta yi addu'a ta fita wurin matalauta da masu mutuwa. Yesu ya auna ƙauna da kiyaye umarninsa (Yahaya 14:15), bai auna ta da abin da mutum yake ji a ƙirji ba. Annabi Habakuk ya lissafa ɓaure da bai yi toho ba, gonaki da ba su ba da abinci ba, da garke da ya ƙare, sannan ya ce duk da haka zai yi murna da Ubangiji, kuma wannan shawara ce ya yanke tun rumbu yana wofi.

A irin wannan lokaci ka rage yawan abin da ka ɗora wa kanka, amma kada ka yanke shi. Idan ba za ka iya tsara addu'a ba, ka karanta Addu'ar Ubangiji safe da yamma. Ka je sujada ranar Lahadi ko da a bencin baya za ka zauna ka yi shiru, kada kuma ka ƙaurace wa Jibin Ubangiji domin kawai ba ka jin komai. Idan ciwo ya kwantar da kai, ka aika a kira dattawan ikilisiya su zo gida su yi maka addu'a kamar yadda Yakubu 5:14 ya umarta, kada ka jira sai sun ji labari a bakin wani. Kada ka yanke babbar shawara, irin ta barin aure ko sayar da gona ko barin ikilisiya, sai ka yi shawara da wanda hankalinsa yake kwance. Idan kuwa baƙin cikin ya kai makonni yana hana ka ci da barci da aiki, ko tunanin kashe kai ya fara zuwa maka, ka gaya wa wani a ranar, ka kuma nemi likita. Akwai asibitocin gwamnatin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, asibitocin koyarwa ma suna da sashen, kuma fasto ko wani ɗan'uwa zai iya raka ka.